Ɗan makarantar dare da hoton garken taurari

Ƴan makarantun manya na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, barkanmu da sake saduwa a filin tarihi.

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga karatun dare, wani dattijo ɗan ajina ya miƙo mini wayar jikansa. A ciki akwai hoton wani haske mai murɗe-murɗe kamar gammo, kewaye da taurari. Ya ce mini: "Malam, wannan gaskiya ne, ko zane ne aka yi?" Na ce masa hoto ne na gaskiya, amma ban ga alamar ya yarda ba. Shi ya sa yau na kawo muku labarin waɗanda suka fara ɗaukar irin wannan hoto. Abin mamaki, yawancinsu kallon sama ba shi ne sana'arsu ba. Ɗaya likita ne, ɗaya ma'aikacin magudanan ƙazanta ne, ɗaya kuwa ɗan kwangilar gini.

Da farko, da hannu ake zana abin da aka hango cikin madubin hangen nesa. Mutum biyu su dubi abu ɗaya, kowa ya zana nasa daban, gardama ta tashi, ba mai raba ta. Ido kuwa ba ya tara haske. Ko ka kwana kana duban tauraro maras ƙarfi, ba zai ƙara fitowa ba. Amma allon gilashi da aka shafa wa maganin hoto, shi yana tarawa, kamar tulun da aka ajiye ƙarƙashin indararo: ɗigo-ɗigo har ya cika. Wahalar guda biyu ce. Ta ɗaya, allon wancan zamani jiƙaƙƙe ne, kafin minti 15 ya bushe ya lalace. Ta biyu, duniya tana juyawa, taurari suna gusawa yamma, dole madubin ya bi su sannu a hankali, in ba haka ba sai su fito kamar zare.

A shekarar 1858 wani babban tauraro mai wutsiya ya bayyana, ana ce masa Donati. Wanda ya fara kama shi a hoto wani mai ɗaukar hoton mutane ne a Ingila, William Usherwood, da akwatin da yake neman abinci da shi. Masana na jami'ar Harvard a Amurka sun gwada da babban madubinsu, kan tauraron kawai suka samu, ba wutsiya. Hoton Usherwood ya ɓace, labarinsa kaɗai ya rage.

Sai a 1871 wani likita, Richard Maddox, ya nuna yadda za a yi busasshen allo, wanda ake iya barinsa buɗe awa da awanni. Daga nan hanya ta buɗe.

A daren 30 ga Satumba 1880, likita Henry Draper na Niyok ya auna madubinsa ga wani farin hayaƙi da ke cikin taurarin Oriyon, ya bar allon minti 51. Wannan shi ne hoton farko na irin wannan gajimare na sama. Bai fito sosai ba, amma ya fito. Draper ya rasu a 1882 yana da shekara 45. Matarsa Anna ta ba da dukiyarta don a ci gaba da aikin a Harvard, kuma mata ne suka yi yawancin aikin karanta allunan. Ɗaya daga cikinsu, Williamina Fleming, da aikatau ta fara a gidan shugaban wurin, daga baya ta rarraba taurari fiye da 10,000 iri-iri.

A 1883 Andrew Common, ma'aikacin kamfanin magudanai a Landan, ya ɗauki wannan hayaƙin daga bayan gidansa a unguwar Ealing, da madubi mai faɗin santimita 91. A hotunansa aka ga taurarin da ido bai iya gani ba ko ta cikin madubin nan ɗin. Daga ranar, allo ya wuce ido.

To, yanzu mun zo ga wanda na fi so in ba ku labarinsa, Isaac Roberts. An haife shi a 1829 a ƙasar Wales, ɗan manomi ne. Yana da shekara 15 aka kai shi koyon sana'a wurin magina a birnin Liverpool. Da rana yana aiki, da dare yana zuwa makaranta, kamar yadda kuke yi. A hankali ya zama babban ɗan kwangila, ya tara abin hannu. Ya kusa shekara 50 kafin ya duƙufa ga kallon sama. Ya sa aka ƙera masa madubi biyu a kan ƙafa ɗaya: babban mai faɗin santimita 51 don ɗaukar hoto, ƙaramin don sa ido. Na'ura irin ta agogo tana juya su, amma na'urar tana kuskure, sai shi ya zauna idonsa manne da ƙaramin madubin, ya kafa wa tauraro guda ido, yana gyarawa da hannu. Ku tuna, cikin hunturun Ingila ne, ba a hura wuta a ɗakin domin zafi yana kaɗa iska ya ɓata hoto. Mu da sanyin Janairu ke korar mu ɗaka tun bayan isha'i, sai mu yi shiru.

A daren 29 ga Disamba 1888 ya yi awa 4 a haka, yana ɗaukar wani ɗan farin tabo da ake kira Andoromeda. Wannan tabo ba sabo ba ne. Tun wajen shekarar 964 wani malamin Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta shi cikin littafinsa na taurari, ya ce ƙaramin gajimare ne. Da Roberts ya wanke allon, sai ga tabon ya zama faifai babba a karkace, da baƙaƙen layuka suna zagaye tsakiyarsa. Irin hoton da dattijon nan ya nuna mini ke nan.

Amma fa Roberts bai gane abin da ya ɗauko ba. Shi da masana da yawa na lokacin sun zaci wata rana ce sabuwa take haɗuwa da duniyoyinta, nan kusa da mu. A ganina ba abin zargi ba ne, domin madubinsa bai isa ya tsinke hasken zuwa taurari ɗai-ɗai a fili ba. An yi shekara 35 ana jayayya. A watan Oktoba 1923 Edwin Hubble, a kan dutsen Wilson na Kalifoniya, da madubi mai faɗin mita 2 da rabi, ya gano wani tauraro a cikin tabon wanda haskensa ke ƙaruwa yana raguwa bisa ƙa'ida. Irin wannan tauraro yana ba da damar auna nisa. Lissafi ya nuna Andoromeda tana can waje da garken taurarin da ranarmu take ciki, wato ita ma garke ce mai zaman kanta. An karanta sakamakon gaban taron masana a ranar farko ta 1925. Roberts bai ji ba, ya rasu tun 1904.

Awon da aka daidaita daga baya ya nuna haskenta yana yin shekara miliyan 2 da rabi a hanya kafin ya iso mu, alhali haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Hayaƙin Oriyon kuwa na gida ne, cikin garkenmu yake, tafiyar haskensa shekara 1,300 da ƴan kai, kuma a cikinsa sababbin taurari ke haɗuwa.

Dukansu biyu ana ganinsu da ido daga ƙasarmu, in an fita bayan gari a daren da ba wata ba hazo. A Nuwamba da Disamba, bayan isha'i, ku fuskanci arewa ku ɗaga kai sosai, Andoromeda tana nan kamar ɗan tsinin auduga. Kada ku dube ta kai tsaye, ku ɗan kauda ido gefe, ta fi fitowa. A Janairu ku dubi gabas, ku nemi taurarin nan uku da ke jere. Kudu da su kaɗan akwai wasu ƙanana a layi, na tsakiyar shi ne hayaƙin da likita Draper ya ɗauka. Dattijon ajina ya ce zai fita ya duba da kansa, in ya gani sannan mu yi magana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.