Gaɓar da Ruwa Ke Ci a Ƙasar Gobir

Da sanyin safiyar 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana marka, wani ɓangare na dutsen Sugar Loaf da ke bayan birnin Firitawun na Saliyo ya zaftare, laka ta binne unguwar Regent. Mutanen da suka mutu ko suka ɓace sun haura dubu ɗaya. Masana sun ce ruwa ne ya cika ƙasar har ta yi nauyi, ta saki dutsen da take manne da shi, kuma an riga an sare itatuwan da saiwoyinsu ke riƙe ta domin gine-gine.

Mutumin Sabon Birni ko na Isa zai ce mu ina ruwanmu, ba mu da dutse. Gaskiya ne. Amma muna da gaɓar kogi, ita ma haka ruwa ke kayar da ita.

Kogunan Bunsuru da Gagare suna haɗuwa a ƙasar Isa su zama kogin Rima. Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya dawo ya faɗa Rima a wajen Sabon Birni. Wannan gulbin ya daɗe yana nuna halinsa. A 1945 ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, dole aka mayar da gari kan tudu. A Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya hallaka sama da mutum 40 a Jibiya, a kan wannan hanyar ruwa. Tsakanin nan, a Satumban 2010, Rima ta tumbatsa har madatsar Goronyo ta kasa riƙe ta, ƙauyuka suka nutse, gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta karye.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbi bayan ambaliya ya san yadda abin ke faruwa. Ruwa na ƙwaƙule gindin gaɓa, saman kuma ya jiƙe sharkaf. Sau da yawa ba ranar da kogi ya cika take faɗuwa ba, sai ruwa ya fara janyewa, babu abin da ya tokare ta. Da farko tsaga ce siririya a gefen gona, washegari kunya uku na gero sun tafi. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta da danƙo, kuma gawo da kuka da giginya da suka ɗaure ta sun ragu sosai tun farin 1973 da na 1984, gatarin masu itace ya ƙarasa saura.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a lissafa wannan asara, domin ba ta zuwa da gawarwaki a rana ɗaya. Saboda haka ya kamata masu unguwanni da hakimai su hana gini da ɗibar yashi a bakin gaɓa, a kuma dasa itatuwa tun kafin damina ta kama.