Bindigar Jamus a Akwatin Kaka: Wace Shekara Ce?

Idan kana zaune a Kukuo ko wata unguwa ta Tamale, wataƙila ka taɓa jin an ce gidan su wane akwai "bindigar Jamus", wai tun ta yaƙin Adibo. To, kafin ka gaskata, zo mu auna maganar da tarihi.

Ran 4 ga Disamba 1896, rundunar Jamus ƙarƙashin Valentin von Massow ta gwabza da mayaƙan Ya Na Andani a Adibo, kudu da Yendi. Dagomba sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma bindigar toka ce a hannunsu, sai an ɗura albarushi kafin a sake harbi. Ɗaruruwa suka kwanta dama, aka ƙone Yendi. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagbon: Yendi ta faɗa Togo ta Jamus, Tamale ta faɗa hannun Ingila. Haka aka zauna har 26 ga Agusta 1914, ranar da Jamusawan Togo suka miƙa wuya a Kamina. Ka riƙe shekarun nan, su ne ma'auninka.

Yanzu duba bindigar. In mai kwanso ce da ke juyawa, mai cin harsashi shida, tana iya zama Reichsrevolver ta 1879 ko ta 1883. Shekarunta sun yi daidai da Adibo. In gidan harsashinta yana gaban kunama, ƙotarta kuma kamar ta tsintsiyar Bature, Mauser C96 ke nan, wadda aka fara ƙerawa a Oberndorf a 1896. In bayanta yana lanƙwashewa sama kamar gwiwa idan an ja, Luger ce. Sojan ruwan Jamus sun karɓe ta a 1904, na ƙasa a 1908, shi ya sa ake ce mata P08. Ka ga ke nan Luger ba ta ga Adibo ba, ko wa ya faɗa maka. Walther P38 kuwa ta yaƙin duniya na biyu ce. Jamusawa sun bar Yendi da fiye da shekara ashirin kafin a ƙera ta.

Masu tara irin waɗannan kaya hatimi suke bi. A Luger ta soja akan buga shekara a saman mazaunin harsashi, da sunan masana'anta, DWM ko Erfurt. Lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar suna maimaituwa a ƙananan sassanta; in sun saɓa, an yi mata haɗe-haɗe. Wanda ya goge tsatsa da yashi ko ya kai wa maƙeri, ya goge shaidar da hannunsa.

Abu biyu, don Allah. Kada ka gwada harba ta, tsohon ƙarfe da tsohon harsashi ba su da amana. Sannan a Ghana riƙe bindiga ba lasisin 'yan sanda laifi ne, ko da gadon kaka ce, sai ka je a daidaita takarda.

Kafin dillali ya zo da 'yan sidinsa, zauna da dattawan gida ka rubuta: wa ya kawo ta, daga ina, a zamanin wane sarki? Hatimi zai gaya maka inda aka ƙera ta. Yadda ta shigo gidanku kuwa, sai bakin tsofaffi, kuma suna ta tafiya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.