Nauyi ko Sauri: Tarihin Wata Jayayya a Tsakanin Mafarautan Amurka

A tsaunukan yammacin Amurka akwai wata dabba dangin barewa da ake kira elk, mai ƙahoni masu rassa kamar bushasshiyar bishiya. Namijinta da ya ƙosa yakan haura kilo 300. Idan harsashi ya kasa ratsa kafaɗarta ya kai ga huhu ko zuciya, sai ta tsere da rauni cikin kurmi, ta yi kwanaki tana jinya kafin ta mutu, ba ta tsira ba, kuma ba a ci namanta ba. Wannan asara ce ta sa mafarauta suka shafe fiye da rabin ƙarni suna jayayya kan irin harsashin da ya dace da ita.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, baƙin albarushi ake amfani da shi, wanda ba ya tura harsashi da sauri sosai, don haka mafarauci ya dogara ne ga katon curin dalma. A shekarar 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, sai ƙananan harsasai masu tsananin gudu suka samu shiga. Sojojin Amurka suka karɓi samfurin .30-06 a 1906, kuma sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya sun riga sun saba da shi, suka shiga daji da shi. A 1925 kamfanin Winchester ya fito da .270, mai ƙaramin baki da saurin tafiya.

Nan aka rabu gida biyu. Jack O'Connor, marubuci a mujallar Outdoor Life, ya tsaya wa .270 da harsashi mai nauyin giren 130, wato kimanin giram 8.4. Hujjarsa ita ce bindigar da ba ta naushin kafaɗa da ƙarfi ba ta sa mai harbi fargaba, shi ya sa yakan sami inda ya auna. Elmer Keith kuwa, wanda ya daɗe yana yi wa mafarauta jagora a tsaunukan Idaho, ya dage kan babban baki da harsashi mai nauyin giren 250 ko fiye. A ganinsa dabba ba ta tsayawa yadda mafarauci yake so, don haka dole harsashi ya iya karya ƙashi ya wuce ta kowace kusurwa. Kowannensu ya yi magana ne daga abin da idonsa ya gani a daji.

Wanda ya sauya tambayar ba ya cikin su biyun. A 1946 John Nosler ya je farauta a British Columbia ta ƙasar Kanada, ya harbi wata dabba da ta fi elk girma, wadda laka ta bushe a jikinta. Harsasansa suka tarwatse ba su shiga ciki ba. Da ya koma gida sai ya ƙera harsashi mai shamaki a tsakiya: gabansa ya buɗe kamar laima ya faɗaɗa rauni, bayansa ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da ratsawa. Ya fara sayar da shi a 1948. Daga nan aka gane cewa nauyin da harsashi ya rage da shi bayan ya bugi ƙashi ya fi muhimmanci a kan nauyin da ya bar bakin bindiga da shi.

Jayayyar ba ta mutu ba. Winchester ya fito da .338 a 1958 ga masu ra'ayin Keith, magoya bayan O'Connor kuma ba su ajiye .270 ba. Amma mafarauta da yawa sun tsaya a tsakiya, kan .30-06 da harsashi mai giren 180, kusan giram 11.7. Sharaɗin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi tun farko shi ne mafarauci ya san iyakar tazarar da hannunsa ba ya kuskure, ya kuma haƙura da harbi idan dabbar ta wuce wannan iyaka.