Lambun Limbe: Daga Baƙin Itatuwa Zuwa Ganyen Miya

A gindin Dutsen Kamaru, a gaɓar Tekun Atlantika, garin Limbe yake, wanda aka sani da Biktoriya har zuwa 1982. Yanki ne mai yawan ruwan sama da laima, ƙasarsa kuma baƙa ce mai albarka saboda aman wutar dutsen. A nan Jamusawa suka kafa lambun gwajin tsirrai a 1892, ƙarƙashin masani Paul Preuss.

Kasuwar Turai suka yi wa lambun. Sun gwada koko da roba da itacen kwinin, waɗanda asalinsu na Kudancin Amurka ne, domin wadata manyan gonakinsu da iri. Tsirran da mutanen yankin ke ci kuwa, aka bar su a daji.

Bayan tafiyar Jamusawa lambun ya sha sakaci, sai a 1988 aka farfaɗo da shi da taimakon Birtaniya, aka mai da hankali ga tsirran ƙasar. Babban misali shi ne eru, wata yaɗo mai son inuwa da ake miya da ganyenta, wadda a kudancin Nijeriya ake kira afang ko okazi. Yawan tsinka da tumɓuka don sayarwa ya sa ta soma ƙaranci a daji. Ma'aikatan lambun suka gano yadda ake dasa reshenta ya yi saiwa, suka koya wa manoma. Da haka iyali ke iya renon eru a inuwar bishiyar bayan gida, su ci, su sayar, daji kuma ya huta.