Yadda Turanci ya zama mai gadin ƙofar ilimi a ƙasar Jega

Tun shekarar 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wadda aka kafa zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero. Ɗan manomin albasa daga Sabiyal ko Danwarai yana ganin gininta kullum, amma shigarta sai da kiredit biyar, cikinsu har da Turanci, sannan ga jarrabawar JAMB wadda ita ma Turanci wajibi ne a cikinta. Yara da yawa daga makarantun gwamnati na Jega da Aliero da Maiyama a nan suke tsayawa, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Wannan shinge yana da asali, kuma ya girmi jihar Kebbi kanta, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991.

Ƙasar nan ba baƙuwar karatu ba ce. Harin da rundunar Gobir ta kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadin 1804, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820, garin da kasuwarsa ta shahara har fatake 'yan Gwanja suka riƙa yada zango a cikinsa. Ga Gwandu nan kusa, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana rubuta littattafai. A zaurukan malamai littafi na Larabci ne, amma malam yana biya wa ɗalibi yana fassarawa da Hausa ko Fulatanci, gaɓa bayan gaɓa. Ba kowa ya samu zurfafa karatu ba, bayi da yawancin talakawa iyakarsu allo. Sai dai wanda duk ya zauna gaban malam yana fahimtar abin da ake gaya masa.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun hana 'yan mishan sakewa a ƙasashen sarakunan Musulmi, su kuma ba su kashe kuɗin kirki wajen gina makarantu ba. A Legas an buɗe sakandaren mishan tun 1859. A Arewa kuwa sai 1909 Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, Kwalejin Katsina kuma sai a farkon shekarun 1920. Tsarin da aka shimfiɗa hawa biyu ne. A elemantare ana koyarwa da Hausar boko, don a samu malaman haraji da na daji da na kotu waɗanda En'e ke buƙata. Turanci sosai sai a midil, can Sakkwato, inda 'yan tsirarun da aka zaɓa ke zuwa, mafi yawansu 'ya'yan sarakuna da hakimai da barorinsu. Talaka kuma, da yake yana zargin boko da ɓata addini, ɓoye ɗansa yake yi idan dogari ya zo neman yara. A nan aka raba hanya: Hausa ta ƙananan ayyuka, Turanci na masu mulki.

Dole a faɗi gaskiya, wancan hawa na ƙasa yana da inganci. An kafa ofishin fassara da talifi a Zariya, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Wanda ya gama aji huɗu a lokacin yana rubuta wasiƙa tsaf, yana lissafin kuɗin auduga. Ko bayan samun mulkin kai firamaren gari tana fitar da mutane: Farfesa Attahiru Jega a Jega ya yi firamare a shekarun 1960 kafin ya wuce sakandare a Birnin Kebbi.

Abin da ya rikita lamarin shi ne gaggawa. Yammacin Najeriya ta fara firamare kyauta a 1955, Arewa sai da ta jira shirin UPE na 1976. Rana ɗaya aka cika azuzuwa da yara, aka ɗauki malamai da horon 'yan watanni. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. A takarda abin ya yi kyau. A aji kuwa littattafan lissafi da kimiyya na Turanci ne, idan ma akwai su, malamin da aka ce ya koma Turanci shi kansa bai ƙware ba. Sai ya rubuta a allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe abin da ba su iya karantawa. A wasu makarantu kuma monita na rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula" a ci shi tara ko bulala. Yaro ya fito ba Hausar rubutu, ba Turancin magana. A ganina wannan ita ce babbar asarar, kuma ba Hausa ta jawo ta ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, tare da ƙwararren malamin Turanci, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Da makarantun gwamnati suka raunana, masu hali a cikin Jega da Birnin Kebbi suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, inda ake fara Turanci tun daga nazare. Ɗan Andarai ko Sambawa a ƙasar Maiyama ba shi da wannan zaɓi, amma takarda ɗaya za a ba su ranar WAEC.

Akwai kuma bambanci cikin bambanci. Hausar littafi ta Kano ce, yaron ƙasar Jega kuwa da karin harshen yamma ya tashi. Ɗan Fulani na ruga shi tsallake biyu ke gabansa, daga Fulatanci zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Turanci, duk da hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989. Yarinya kuwa sau da yawa talla da aure na ɗauke ta kafin ta kai ajin da ake sauya harshen.

A Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a 1999, aka gina azuzuwa da dama, amma batun harshe bai motsa ba. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa duk shekara shida na firamare. Kafin a buga littattafan ko a horar da malaman, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar, yana danganta faɗuwa jarrabawa da ita, aka ce Turanci tun daga ajin farko. Sanarwar ba ta zo wa makarantun ƙauyukan Maiyama da malamin Turanci ba, kamar yadda ta 2022 ba ta zo musu da littafin Hausa ba.