Fadar Kajuru

Fadar Kajuru katafaren gini ne na dutse da ke bisa tsauni a Kajuru, Jihar Kaduna. Wani Bajamushe, Gerhard Huebner, ya gina ta, aka kammala a shekarun 1980, da hasumiyoyi irin na fadojin Turai na dā. Babu sarkin da ya taɓa zama cikinta, shi ya sa wasu ke cewa kwaikwayo ce kawai, ba ta cancanci ziyara ba. Hujjar nan ba ta da ƙarfi. Ai fadar Neuschwanstein ta Jamus, wadda Sarki Ludwig II ya aza harsashinta a 1869, ita ma zamanin da ya shuɗe ta kwaikwaya. Bashi ya yi masa katutu, ya rasu a 1886 bai gama ta ba, amma a 2025 UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya.