Bawul, Tiyub da Faci: Ƙananan Kayan da Suka Raya Tayar Keke

In ka taɓa tsayawa wajen mai faci, ka san yadda abin yake. Ya sa ƙarfe ya ɓanɓare gefen taya, ya zaro tiyub, ya buga masa iska, ya tsoma shi a kwanon ruwa yana neman inda kumfa ke tashi. Ya goge wurin, ya shafa sholisho, ya manna faci. Kafin ka gama gaisawa da mutanen wurin, kekenka ya tashi. Mun saba da wannan har ba ma ganin komai a ciki. Amma akwai lokacin da hudar taya ɗaya kan sa mutum ya kwana a gari. Tarihin yadda aka fita daga wannan hali shi ne tarihin tayar iska kanta.

Sau biyu aka ƙirƙiro tayar iska. Na farko shi ne Robert William Thomson, ɗan Sikotland, wanda ya yi rajistar fasaharsa a 1845: bututu ne na yadi da roba, cike da iska, an lulluɓe shi da fata. An gwada ta a keken doki a Landan, ta kuma yi aiki. Sai dai roba na da tsada a lokacin, kuma babu keken hawa irin namu da zai buƙace ta. Haka aka manta da ita.

Bayan shekara 40 da 'yan kai, wani likitan dabbobi a birnin Belfas, John Boyd Dunlop, ya ga ɗansa na shan jijjiga a kan keke mai ƙafa uku da tayar roba daskararriya. Ya haɗa masa tayar iska, ya yi mata rajista a 1888. A watan Mayun 1889 wani ɗan tsere mai suna Willie Hume ya hau irin wannan taya a Belfas ya lashe tsere huɗu a rana guda. Nan take kasuwa ta buɗe. A 1890 ne aka gano Thomson ya riga Dunlop, rajistarsa ta rasa ƙarfi.

To, me ya sa iska ta fi? Daskararriyar roba in ta hau tsakuwa, dole wilin gaba ɗaya ya ɗaga, kai ma ka ɗaga. Tayar iska kuwa lotsawa take ta haɗiye tsakuwar, sannan ta koma yadda take. Ƙarfin da za ka ɓata wajen tsalle sai ya tafi wajen gudu.

Amma fa tayar Dunlop na da babbar matsala: manna ta ake yi a jikin wili da gam, a naɗe da yadi. In ƙaya ta huda ta, sai an warware komai, an gyara, an sake mannawa, an jira ya bushe. Taya ce ta 'yan tsere da masu hali, ba ta mai zuwa kasuwa ba.

Cikin shekara uku kacal, daga 1890 zuwa 1893, aka warware matsalar da ƙananan abubuwa. A 1890 wani Bature ɗan Ingila, Charles Kingston Welch, ya sa waya a cikin gefen taya, ya kuma yi wa wili kwari a tsakiya. Wannan kwarin shi ne sirrin: in ka tura gefe ɗaya na taya ya faɗa ciki, ɗaya gefen sai ya sami sassauci ya haura bakin wili. Abin da mai faci ke yi ke nan in ka ga yana matsa taya da hannu kafin ya sa ƙarfe.

A Faransa kuma, 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, sun fito da tasu tayar mai cirewa a 1891. A wannan shekarar Charles Terront ya hau ta a tseren Faris zuwa Brest da dawowa, kimanin kilomita 1,200. Ta yi ta hujewa a hanya, ana gyarawa yana wucewa, ya kuma zo na ɗaya cikin awa 71 da 'yan mintuna. Ka ga ba rashin huda ne ya ba shi nasara ba, saurin gyara ne.

Sai bawul, ƙofar da ke barin iska ta shiga ta hana ta fita. Iri uku ne suka mamaye duniya, dukansu na nan har yau. Na C. H. Woods, na 1891, shi ne wanda muka sani a tsofaffin kekuna irin su Raleigh: ƙaramin ƙarfe mai huda a gefe, an zura masa 'yar siririyar roba. Iskar famfo na ɗaga robar ta shige, iskar ciki kuma na danne ta ta rufe hudar. In robar ta tsufa, ka canza ta da hannu. Na biyu na gidan August Schrader ne, Bajamushe mazaunin Amurka, wanda aka yi wa rajista a 1893. Yana da ɗan tsinke a tsakiya da sifirin ke riƙewa, shi ne kuma a jikin motoci da babura. Na uku, Presta, daga Faransa ya fito. Ya fi siranta, ramin milimita 6 yake buƙata maimakon 8, shi ya sa kekunan tsere masu siririn wili ke amfani da shi.

Saura abu ɗaya: ko babu huda, iska na sulalewa ta jikin roba a hankali, domin robar itace ba ta tare ƙwayoyin iska sosai. A 1937 masana kimiyya biyu a Amurka, William Sparks da Robert Thomas, suka haɗa robar butil, wadda ta fi riƙe iska nesa ba kusa ba. Yawancin baƙin tiyub na yau da ita ake yi.

Da waɗannan kayan keke ya iso ƙasar Hausa, ya zama abin hawan malami, ɗan koli da manomi. Ba domin tayarsa ba ta hujewa ba, ai hanyoyinmu cike suke da ƙaya. Sai domin ana iya gyara ta a gindin bishiya da kuɗi kaɗan. Ko ta mutu ma ba a yar da tiyub: a yanka shi a ɗaure kaya, a yi guga, yara su yi danƙo.

Thomson ya riga kowa, amma tayarsa ta tsaya a tarihi. Wadda ta rayu ita ce wadda talaka ke iya buɗewa ya gyara. Don haka in an kawo mana sabuwar na'ura, ko famfon sola ne ko babur mai lantarki, kafin mu tambayi ƙarfinta, mu fara da tambayar mai faci: in ta lalace a ƙauye, wa zai gyara, kuma da me?